Amsa kan 憂心忡忡: yadda ake furta shi a Kantonis, da inda ya kamata mutum ya riƙe bakinsa

Wani ƙaninmu ne da ke aiki a shagon kayan waya a Hong Kong ya turo tambaya. Ya ce wata takwas kenan yana fama da koyon Kantonis, harshen da mutanen Hong Kong ke yi, rannan yana kallon labarai sai ya ga haruffa huɗu 憂心忡忡 a rubutun ƙasan talabijin, ya duba a waya aka ce masa ma'anarsu damuwa mai tsanani. To mahaifiyarsa na kwance a asibiti a gida, yana so ya nemi hutu wajen matar da yake wa aiki, 'yar Hong Kong ce, shi ne yake tambaya yaya ake furta kalmar kuma ko zai iya faɗa mata ita don ta gane abin ya kai inda ya kai.

Da farko dai ƙanina, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Amsarka a gajarce kuma ita ce: ka koyi kalmar nan, ka iya furta ta, ka gane ta duk inda ka ji, amma ranar da zaka tsaya gaban madam kar ka buɗe baki da ita. Akwai wadda ta fi ta dacewa da bakinka a wannan ranar, zan baka ita. Na san haka ne don ni na riga ka faɗawa ramin, shekaru na yi ina tafinta wa 'yan kasuwarmu tsakanin Guangzhou da Hong Kong, kuma wannan kalmar da kanta ta taɓa sa an yi min dariya har da kiran wani ya zo ya ji.

Bari mu fara da furuci tunda shi ka fara tambaya. A tsarin rubutun Jyutping, wanda ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ta fitar a 1993, ana rubuta shi jau1 sam1 cung1 cung1. Lambar da ke bayan kowace gaɓa ita ce karin sauti, Kantonis na da guda shida, 1 shi ne na sama a miƙe, 2 mai hawa zuwa sama, 3 na tsakiya, 4 na ƙasa mai gangarawa, 5 mai hawa daga ƙasa ya tsaya tsakiya, 6 na ƙasa a miƙe. Kaga sa'arka a nan, gaɓoɓin huɗu duk lamba 1 ne, wato ka ɗaga muryarka sama ka riƙe ta a wajen har ka gama, ba hawa ba sauka. Mu Hausawa ma bai kamata karin sauti ya firgita mu ba don da shi muka tashi, kukan yaro da kukar miya rubutunsu ɗaya ne, kuka, muryar ce kawai ta raba su, a na farko ka riƙe ta sama duka, a na biyu ka sauke ta a ƙarshe. To irin riƙon da kake yi a kuka na hawaye, shi zaka yi a nan sau huɗu.

Harafin j a Jyutping ba j ɗin jaki bane, y ne. Saboda haka jau1 kamar kace yau ne, yau da gobe ɗin nan tamu, sai dai yau ta Hausa muryarta faɗowa take, ita kuwa wannan a Hong Kong a miƙe suke faɗarta. In ta ɗan faɗo maka ba laifi bane babba, tsofaffi da mutanen Guangzhou da yawa haka suke yin karin farko, daga sama ya ɗan gangaro. Abin da ba a so shi ne ka fara daga ƙasa, don jau5 na nufin akwai, jau4 kuma mai ne na girki. Sai sam1, zuciya, kamar sam ɗin da muke cewa a sam ban yarda ba, gajeren wasali kuma ka rufe leɓɓanka a kan m ɗin. In ka ja wasalin ya zama saam1 ka koma cewa uku ko riga, daidai da yadda gari na mutane ya bambanta da garin tuwo a bakinmu.

Cung1 ita ce mai ɗan aiki. C ɗin Jyutping sauti ne tsakanin ts da c ɗinmu, tare da iska mai fita. Kar ka yi masa ts ɗin Hausa ta tsamiya, tamu a maƙogwaro muke matse ta, tasu kuwa sakinta ake yi da huci. Ka riƙe tishu gaban bakinka, in ka faɗa daidai zai motsa. In ka karanta shi da c ɗin Hausa ta cokali ka kusa sosai, za a gane ka. Wasalin u ɗin kuma ya ɗan karkata wajen o. Ng na ƙarshe kuwa kyauta muka same shi, ka saurari yadda kake ƙarasa nan da can, ta hanci suke fita ba da kan harshe ba, to shi kenan. Matsalarmu ma a Kantonis akasin haka ce, mukan mai da kowane n na ƙarshe ng, sai san1 sabo ya rikiɗe mana.

Yanzu labarin da na ce. Ana saura 'yan makonni Sallah, kwantenar wani Alhaji ɗan Kantin Kwari ta maƙale, yadi ne a ciki, kuma kai ka san yadin Sallah in ya iso bayan Sallah sunansa asara. Alhaji na kirana safe da yamma, ni kuma a lokacin ina ji da kaina na haddace karin magana na Sinanci wajen talatin daga wani ɗan littafi. Na shiga ofishin masu jigilar, wata mata mai tabarau na zaune bayan tebur tana danna kalkuleta, na gyara tsayuwa na ce mata ngo5 hou2 jau1 sam1 zung1 zung1 go3 gwai6, a nufina na damu ƙwarai da kwantenar nan. Matar ta daina danne-dannen, ta zare tabarau ta kalle ni, ta ce in sake faɗa. Na sake. Sai ta fashe da dariya ta ƙwala wa wani abokin aikinta kira daga ciki wai ya zo ya ji, sannan ta tambaye ni 你報緊新聞呀, nei5 bou3 gan2 san1 man4 aa4, wato labarai kake karantawa ne? Ba da mugunta ta yi ba, ƙarshe ma ita ta bi min takardun, amma wallahi na ji kunya ranar. Daga baya da na zauna na ƙirga, kuskure uku na tafka a jimla ɗaya, banda na huɗu wanda shi ne babba.

Na farko, na ce zung1 maimakon cung1. Dalili kuwa harafin 忡 in ka duba shi gida biyu ne, a hagu akwai 忄 wanda shi ne zuciya a tsaye, a dama akwai 中 wanda ake karantawa zung1, tsakiya. Ido na ganin na dama sai baki ya bi shi. Ba baƙi kaɗai ke wannan ba, 'yan ƙasa ma suna yi, kuma a Mandarin, babban harshen ƙasar Sin, ma haka tarkon yake, daidai shi ne chōng amma zaka ji mai cewa zhōng. Wasu kuma a rubutu sai su sa 沖 mai alamar ruwa a gefe saboda sautinsu ɗaya, shi ma kuskure ne. Hanyar tunawa mai sauƙi: a haruffan nan huɗu babu wanda ba zuciya a cikinsa. 憂 tana ɗauke da 心 a tsakiyar cikinta, na biyu 心 ce da kanta, na uku da na huɗu kowanne da 忄 a gefe. In ka rubuta ka ga wani ba zuciya to ka ɓata.

Na biyu, na sa hou2 a gaba, wato ƙwarai ko sosai. Ba a sa masa. Maimaita cung1 cung1 ɗin nan shi ne ƙarfin maganar, ya riga ya cika ta. Ka ɗauke shi kamar ɗar-ɗar a Hausa, zuciyata na ɗar-ɗar, ko jugum-jugum, ai ba ka cewa ya yi jugum-jugum ƙwarai da gaske sosai, kalmar ta gama aikinta. Kuma 忡 ba ta yawo ita kaɗai a maganar yau da kullum, kusan duk inda zaka gamu da ita a cikin wannan karin maganar ne.

Na uku, na jingina masa abin da na damu da shi kai tsaye a bayansa, na ce go3 gwai6, kwantenar. Shi ba ya ɗaukar abu a baya, yanayin mutum yake siffantawa, kamar kace wane ya yi tagumi, ai ba a cewa ya yi tagumi kwantena. In kana so ka ambaci abin da ya jawo damuwar sai ka kawo shi gaba da 對 deoi3, misali 對前景憂心忡忡, deoi3 cin4 ging2 jau1 sam1 cung1 cung1, suna cikin zullumi game da abin da gaba zata haifar. Ko ka ce abu kaza 令人憂心忡忡, ling6 jan4, yana jefa mutane cikin zullumi. Waɗannan biyun su zaka fi gani a jarida.

Na huɗun shi ne ainihin amsar tambayarka, kuma shi ya sa matar ta ce ko labarai nake karantawa. Mutumin Hong Kong da harshe biyu yake rayuwa ko da bai iya Turanci ba, akwai wanda yake rubutawa akwai wanda yake faɗa. Na rubutu suna ce masa 書面語, na baki 口語 hau2 jyu5. Na rubutun nahawunsa da kalmominsa kusan na Mandarin ne, sai dai in za su karanta shi da murya da sautin Kantonis suke karantawa. Ka ɗauki jimla mai sauƙi, shi ba ɗalibi bane. A takarda 他不是學生, taa1 bat1 si6 hok6 saang1. A baki 佢唔係學生, keoi5 m4 hai6 hok6 saang1. Kalma uku na farko duk sun canza alhali ma'ana ɗaya. Shi ya sa in kana kallon talabijin zaka lura abin da kunnenka ke ji da abin da ke rubuce a ƙasa ba su cika zama ɗaya ba, kuma na tabbata wannan ya taɓa ruɗa ka kamar yadda ya ruɗa ni a shekarata ta farko, har na ɗauka kunnena ne ke da matsala.

To 憂心忡忡 ɗan gidan rubutu ne. Yana cikin abin da suke kira 成語 sing4 jyu5, karin magana masu haruffa huɗu da aka gada daga tsofaffin littattafai. Kar ka fahimce ni a kan cewa duk sing4 jyu5 ba a faɗarsu a baki, ana faɗa mana, mai sayar da kifi a kasuwa ma zai ce maka 亂七八糟 lyun6 cat1 baat3 zou1 in ya ga waje a hargitse. Amma kowanne da matsayinsa, wani ɗan kasuwa ne wani ɗan fada, wannan namu ɗan fada ne. Ka tuna mai karanta labaran rediyo a gida in ya ce lamarin ya jefa al'ummar yankin cikin zullumi da taraddadi, daidai ne a bakinsa, ba wanda zai yi dariya. Amma a ce matarka ta leƙo daga kicin ta ce maigida ina cikin zullumi da taraddadi game da makomar gishirin gidan nan, ai sai ka ajiye cokali ka kalle ta. Abin da na yi wa matar ofishin nan kenan.

Akwai kuma wani abu da littafi bai cika faɗa ba, sai da kunne ake gane shi. Wannan kalmar galibi ta mai ba da labari ce, wani ne ke kallon wani yana siffanta shi. Iyaye sun damu da jarrabawar 'ya'yansu, 家長憂心忡忡, gaa1 zoeng2. Mazauna unguwa sun damu, 居民憂心忡忡, geoi1 man4. Ina Hong Kong lokacin guguwar Mangkhut, wadda suke kira 山竹 saan1 zuk1, ta ranar 16 ga Satumba 2018, da hukumar yanayi ta ɗaga alama ta 10, mafi girma a tsarinsu. Kwana biyu kafin ta iso kowa na manna salatif a gilashin taga, burodi ya ƙare a kantuna, ana ta nuno ƙauyen masunta na Tai O a tsibirin Lantau, wanda ke ƙasa-ƙasa kuma ruwa ya riga ya shige shi a guguwar Hato ta 2017, mutane na ɗaga firij da katifa sama. Irin wannan yanayin shi ne gidan kalmar, abu bai faru ba tukuna, ana jiransa, ba abin da mutum zai iya yi sai kallon sama, kuma ɗan jarida ne ke faɗa game da su. Amma tsohuwar da aka miƙa wa makirfo ita ba zata ce haka ba, cewa zata yi 好驚呀 hou2 geng1 aa3, ina jin tsoro, ko hou2 daam1 sam1, na damu ƙwarai.

A hira ma zaka iya jin ta in ana maganar wani, kamar 佢成日憂心忡忡噉, keoi5 seng4 jat6 jau1 sam1 cung1 cung1 gam2, kullum sai ka ganshi kamar mai ɗauke da damuwar duniya. Wannan ya zauna daidai, gam2 ɗin ƙarshe ya sassauta ta ya mai da ita maganar baki. Abin da ke da nauyi a kunne shi ne mutum ya tsaya ido da ido ya faɗa game da kansa, sai ya zama kamar yana karanto wa kansa labari, kuma kai a ranar so kake madam ta ji ciwon da ke ranka, ba ta tsaya mamakin inda ka samo kalma ba.

Asalin kalmar kuwa a bakin wani dattijo na same shi, kuma shi ne ya sa na ƙaunace ta duk da kunyar da ta bani. A masallacin Ammar da ke Wan Chai akwai kantin abinci a sama inda ake samun dim sum, ƙananan cimar Sinawa da ake ci da shayi, na halal, in baka taɓa zuwa ba ka je wata Juma'ar. Nan na saba zama da wani tsoho Musulmi ɗan ƙasar, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, lou5 si1 nake ce masa, wato malam. Na bashi labarin abin da ya faru, ya yi dariya har da tari, sannan ya jawo katin da ake buga wa hatimi in ka ɗauki abinci, ya juya bayansa ya ciro biro daga aljihun riga ya rubuta layi huɗu, kowanne harafi huɗu. Sai ya rufe ido yana karantawa yana ɗan rangaji, wallahi kamar gardi a gaban allo.

Waƙa ce daga 詩經, si1 ging1 a Kantonis, Shijing a Mandarin, tarin waƙoƙi 305 na zamanin daular Zhou, sun haura shekara 2500, su ne mafi tsufan tarin waƙoƙin Sinawa. Sunan waƙar 草蟲, ƙwarin ciyawa. Yadda aka fi fassara ta, mace ce mijinta ya yi nisa. Ta ce ƙwari na kuka a cikin ciyawa, fara na tsalle, ban ga maigidana ba, sai layi na huɗu, jau1 sam1 cung1 cung1. Dattijon ya sa bakin biro a ƙarshen layukan ya ce in saurara: 蟲 cung4 ƙwaro, 螽 zung1 fara, 忡 cung1. Amsa-amon na nan daram a Kantonis bayan duk shekarun nan, kuma ya faɗi haka yana wani ɗaga kai, don mutanen Kantonis na alfahari da cewa harshensu ya riƙe tsofaffin sautuka da yawa, irin su m da p da t da k na ƙarshen gaɓa waɗanda Mandarin ya zubar. Ka duba ma zuciya, su sam1 suke cewa da m, a Mandarin ta koma xīn.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda baitin ya ƙare. Matar ta ce in na ganshi, in na sadu da shi, sai zuciyata ta sauka, harafin da aka sa 降 ne, sauka. Na ce wa dattijon mu ma haka muke cewa, hankali ya tashi, hankali ya kwanta. Ya ce in maimaita masa da Hausa, na maimaita, ya rubuta sautin a gefen katin da haruffansu. Kaga daga nan zaka gane irin damuwar da kalmar ke nufi. Ba firgita bace ta lokaci ɗaya irin gabana ya faɗi, ba kuma gaggawa bace. Damuwa ce mai zama, ta wanda ke jiran labarin wani nasa da ke nesa, ya kwana da ita ya tashi da ita. In ma'ana ake bi, halin da kake ciki yanzu da Hajiya a asibiti kai kana wata ƙasa, shi ne ainihin abin da aka yi kalmar dominsa, har ma a waƙar mai damuwar ce ke faɗa da bakinta. Zamani ne ya ɗauke ta daga baki ya kai ta takarda.

To me zaka ce wa madam? 擔心 daam1 sam1. Ita ce kalmar kowa da kowa, yaro da babba, kuma ba ta da rauni ko kaɗan. Daam1 asalinta ɗaukar kaya a kafaɗa da sanda, irin yadda mai garuwa ke rataya garwa biyu, wato ka saɓa zuciyarka a kafaɗa kana yawo da ita. Kishiyarta 放心 fong3 sam1, ajiye zuciya, kwantar da hankali. Ita daam1 sam1 tana karɓar hou2 a gaba, tana karɓar abu a baya, duk abin da waccan ta ƙi. Abin da ya kamata in ce a ofishin nan shi ne 我好擔心個櫃, ngo5 hou2 daam1 sam1 go3 gwai6, da ba wanda zai ɗago kai. Kai kuma ga naka, ka haddace shi yadda yake:

我阿媽入咗醫院，我好擔心佢，我想請假返去睇佢。
ngo5 aa3 maa1 jap6 zo2 ji1 jyun2, ngo5 hou2 daam1 sam1 keoi5, ngo5 soeng2 ceng2 gaa3 faan1 heoi3 tai2 keoi5.

Wato mahaifiyata an kwantar da ita a asibiti, na damu da ita ƙwarai, ina so in nemi hutu in koma in duba ta. In kana so ka ƙara nauyi ka ce 擔心到瞓唔着, daam1 sam1 dou3 fan3 m4 zoek6, damuwa har ta hana ni barci. Wannan ya fi kowace sing4 jyu5 taɓa zuciyar mai sauraro. Ka lura da daam1, a nan dogon wasali ne, sam1 kuma gajere, kar ka daidaita su. In ta ce maka 唔使擔心 m4 sai2 daam1 sam1, tana cewa ne kar ka damu, sai ka amsa da 多謝關心 do1 ze6 gwaan1 sam1, na gode da kulawa. Kai ma in zaka lallashi wani haka zaka ce, ba a lallashi da jau1 sam1 cung1 cung1.

Tunda ka shigo layin, ga 'yan uwanta da zaka ci karo da su, kar ka cakuɗa. 憂心如焚 jau1 sam1 jyu4 fan4, damuwa kamar wuta na cin zuciya, ta fi tamu zafi, ita ma ta takarda ce. 心急如焚 sam1 gap1 jyu4 fan4 kuma akwai gaggawa a ciki, mutum na so ya yi wani abu yanzu-yanzu an tare shi, kamar wanda jirginsa ya makara ana jiransa a asibiti. 坐立不安 zo6 laap6 bat1 on1 ba sai na wahalar da kai ba, ya kasa zaune ya kasa tsaye ce tamu sak. 忐忑不安 taan2 tik1 bat1 on1 ka kalli haruffa biyun farko kawai, ɗaya zuciya ce da alamar sama 上 a kanta, ɗaya zuciya da alamar ƙasa 下, zuciya na hawa tana sauka, irin ta mai jiran sakamako. A maganar titi kuma akwai 囉囉攣 lo1 lo1 lyun1, mutum ya rasa sukuni yana ta mutsu-mutsu, wannan ba zaka cika ganinta a jarida ba amma in ka faɗe ta a shago za su ce lallai ka zauna da mutane.

Guda ɗaya ce zan ja maka kunne a kanta, 杞人憂天 gei2 jan4 jau1 tin1. Ita ma da 憂 a ciki, sai mai koyo ya ɗauka duk kanwar ja ce. Labarin wani mutumin ƙasar Qi ne a tsohon littafin Liezi, wanda ya daina ci ya daina barci don tsoron kar sama ta rufto masa. Ana faɗarta ne ga mai damuwa a kan abin da ba zai faru ba. In wani ya kawo maka damuwarsa ta gaske ka ce masa haka, ka raina masa hankali kenan.

In harka ta kai ka tsallaken iyaka Guangzhou, wadda 'yan kasuwarmu ke ce wa Gwanzu, zaka ga an rubuta ta 忧心忡忡, harafin farko ne kawai aka sauƙaƙe, don can da sauƙaƙƙun haruffa suke aiki, Hong Kong da Macau kuma suna kan na gargajiya. A Mandarin yōu xīn chōng chōng ne. Kuma kar ka yi mamaki in ka yi Kantonis a kasuwannin Xiaobei ko Sanyuanli aka amsa maka da Mandarin, masu shagunan da yawa daga wasu larduna suka zo.

Yadda zaka sa ta zauna maka kuwa, ni abin da ya yi min aiki shi ne labaran ƙarfe shida da rabi na yamma a tashar talabijin ta TVB, ina kallo da ɗan littafi a hannu, duk haruffa huɗun da na ga sun maimaitu sai in rubuta in duba a Pleco, manhajar ƙamus ɗin Sinanci ta waya, akwai wajen kunna karatun Kantonis a saitinsa, in ba haka ba na Mandarin kaɗai zai nuna maka. Ka ɗauki muryarka a waya kana faɗin jau1 sam1 cung1 cung1, ka saurara, zaka kama kanka kana sauke murya a gaɓar ƙarshe don haka bakin Bahaushe ya saba yi a ƙarshen zance. Nan ne zaka yi ta gyara har ta miƙe.

Akwai waje ɗaya da zaka iya amfani da ita game da kanka ba wanda zai yi murmushi, shi ne in madam ta ce ka rubuto takardar neman hutu. A nan ka shiga gidan rubutu, dokokinsa ne ke aiki. Ba zaka rubuta 我阿媽 ba, sai 家母 gaa1 mou5, ita ce kalmar ladabi ta ambaton mahaifiyarka a gaban wani, kanka kuma 本人 bun2 jan4. Sai ka rubuta 家母入院，本人憂心忡忡, mahaifiyata na asibiti, ina cikin matsananciyar damuwa, sannan ka kawo ranakun da kake nema. Ka ba wani ɗan ƙasa a shagon ya duba maka sauran takardar kafin ka miƙa, ka kuma tabbata 忄 ka sa a gefen haruffa biyun ƙarshe ba alamar ruwa ba. In ka isa gida ka gaishe min da Hajiya da jiki, Allah ya tashi kafaɗunta.